Leburan da Ya Ƙi a Huda Masa Wuya

A watan Yuni na 1980, a asibitin Royal Prince Alfred da ke birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, likitoci suka zaunar da wani ma'aikacin gini mai shekara 43, suka gaya masa magana ba ɓoye-ɓoye. In yana son ya daɗe a duniya, sai an huda masa maƙogwaro an sa bututu, ya riƙa shaƙar iska ta nan. Mutumin ya saurara har suka kai aya, sannan ya ce atafau bai yarda ba.

Kafin ka kira shi mai taurin kai, mai karatu, tsaya ka ji ciwon nasa. Ba tari yake yi ba, ba zazzaɓi ba. Barci ne ya zame masa abokin gaba. Da zarar ya kwanta naman maƙoshinsa ya saki, sai hanyar iska ta rufe. Minshari ya yanke ɗif, ƙirji na ta kokawa, amma iska ba ta wucewa. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta zabure shi, ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci, hanya ta sake rufewa. Wanda abin ya yi wa tsanani yakan yi haka sau ɗaruruwa kafin asuba, shi bai ma sani ba. Gari ya waye, ga shi ya kwana a gado amma jikinsa bai huta ba. Da rana kuwa sai gyangyaɗi a duk inda ya zauna, zuciya kuma na ta galabaita a ɓoye. Yanzu ka tuna sana'arsa. Mutum ne mai aiki a wurin da gyangyaɗi ɗaya ya isa ya zama ajali.

Maganin da ake da shi a lokacin ke nan, hudar wuya. Yana aiki kuwa, domin iska na shiga ta ƙasan inda yake toshewa. Sai dai rami ne da za ka zauna da shi har ƙarshen rayuwa. Kullum cikin wanke shi da goge majina, kullum cikin tsoron ƙwayoyin cuta, in za ka yi magana sai ka toshe shi, ga idon jama'a a kanka duk inda ka shiga. Ka ƙi kuma, kana iya kwantawa wata rana ba ka tashi ba. Da kai ne, wanne za ka ɗauka?

Allah da ikonsa, a asibitin akwai wani matashin likita, Colin Sullivan. Bai daɗe da dawowa daga Toronto ta ƙasar Kanada ba, inda ya yi shekaru tare da Farfesa Eliot Phillipson suna nazarin yadda karnuka ke numfashi in suna barci. Da ya dawo gida ya ci gaba da gwaji a kan karnukan, har ya ƙware wajen ƙera musu abin rufe hanci da ba ya yoyon iska. Daga nan wani tunani ya ɗarsu a ransa. Tunda maƙoshi rufewa yake yi saboda ya saki, me zai hana a riƙa hura masa iska ta hanci, a hankali, ba tsayawa, ta riƙe shi a buɗe kamar yadda iska ke miƙar da tub ɗin keke da ya sace? Tunanin ba shi da wuyar fahimta. Abin da ya rage shi ne wanda zai yarda a gwada a kansa, sai ga mutumin da ya ƙi wuƙa.

Kada ka zaci wata gagarumar na'ura aka kawo. Injin zuƙe ƙurar ɗaki ne, aka juya aikinsa ya koma hurawa. Aka jona masa tiyo, aka sa ƙananan bututun roba biyu a hancin mutumin, aka liƙe da gam irin na asibiti don kada iska ta tsere. Aka maƙala masa wayoyin da ke auna numfashi da motsin ƙwaƙwalwa. Bai ɗau lokaci ba barci ya kwashe shi, numfashin kuma ya fara yankewa kamar yadda ya saba, alƙalamin na'ura na zana abin a takarda. Sullivan ya kai hannu ya fara ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan.

Kwatsam sai ɗakin ya yi tsit. Ga likitan da ke gadin mai irin wannan ciwo, shiru ba abin murna ba ne, domin shi ne alamar numfashi ya tsaya. Amma da ya dubi takardar sai ya ga layi na hawa da sauka daidai wa daida, irin na lafiyayyen mutum. Nan da nan leburan ya faɗa cikin barci mai nauyi, irin wanda ake mafarki a cikinsa, wanda jikinsa ya daɗe yana bin bashi. Wani likitan da murna ta isa ya tsaya a nan. Shi kuwa Sullivan sai ya rage iskar da gangan. Toshewa ta dawo. Ya ƙara, ta tafi. Ya rage, ta dawo. Sai da ya maimaita har ya tabbatar ba dace aka yi ba, sannan ya bar injin na aiki har safe. Mutumin ya yi wajen awa bakwai yana barci, ya tashi garau, ya wuni idonsa biyu, abin da ya yi shekaru bai gani ba.

A watan Afrilu na 1981 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon gwajin a kan marasa lafiya biyar. Matsin iskar da aka buƙata bai wuce nauyin ruwa mai zurfin santimita 10 ba. Kana tsammanin duniya ta yi ca a kai? Ina! Likitoci da yawa suka ce wane ne zai yarda ya kwana kullum da injin share ɗaki liƙe a hancinsa? Sai da aka yi shekaru kafin kamfanoni su fara ƙera na'urar da ake kira CPAP, mai takunkumin hanci, wadda yau miliyoyin mutane ke kwana da ita. Sullivan dai masu minshari yake nema wa mafita. Bai san cewa a can birnin da ya baro, ana gab da buɗe wata ƙofa da za ta sa takunkuminsa ya zama abin da ke tsakanin wasu mutane da kabari ba.

A nan sai mun ɗan koma baya. Ranar 11 ga Yuni, 1963, a garin Jackson na jihar Misisipi a Amurka, Dokta James Hardy ya yi dashen huhu na farko a jikin ɗan Adam. Wanda aka yi wa, John Russell, ɗan shekara 58, fursuna ne da ke zaman ɗaurin rai da rai bisa laifin kisa, ga ciwon daji a huhunsa na hagu, ga ƙoda da ta fara gazawa. Ya sa hannu ya yarda. Ko mutumin da ke kulle yana da cikakken ikon cewa a'a, wannan tambaya ce da har yau take damuna, kuma ya kamata ta dami duk wanda ke ba da wannan labari. Huhun ya yi aiki, gwamnan jihar ya sassauta masa hukunci, amma bayan kwana 18 ƙoda ta kashe shi. A daren tiyatar nan kuma aka kawo Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, wannan asibitin da harbin bindiga a bayansa, ya cika a can. Labarin kisan ya rufe na dashen, jaridu suka bi gawa.

Shekara ashirin aka yi ana ta gwadawa, wajen sau arba'in, kusan duka ba a wanye lafiya ba. Inda aka ɗinke bututun iskar sabon huhu da na tsohon jiki, nan ne yake ɓallewa. Dokta Joel Cooper na babban asibitin Toronto ya bi diddigi ya gano cewa maganin da ake ɗirka wa marasa lafiya don kada jiki ya ƙi baƙon huhu, shi ne ke hana ɗinkin warkewa. Aka samu sabon magani, cyclosporine. Cooper ya kuma riƙa jawo tantanin kitsen da ke rufe hanji ya naɗe ɗinkin da shi don jini ya isa wurin. Ranar 7 ga Nuwamba, 1983, ya dasa wa Tom Hall, shi ma ɗan shekara 58, huhu guda. Hall ya koma bakin aikinsa, ya ƙara fiye da shekara shida a duniya. An ci nasara. To, ka san abin da nasarar ta haifa? Layi.

Huhu ba kayan shago ba ne. Sai wani ya rasu, kuma ba kowace rasuwa ba. Yawanci wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne alhali inji na riƙe da sauran jikinsa. Ko a cikin waɗannan, wajen ɗaya cikin biyar ne kaɗai huhunsu ke dasuwa, domin huhu na saurin lalacewa. Sai rukunin jini ya dace, sai girman ƙirji ya dace, kuma da an cire shi awoyi kaɗan ne suka rage a dasa. Mai jira yakan yi watanni, wani fiye da shekara, kunnensa na kan waya, huhun da ke ƙirjinsa kuwa ba ya jiran kowa.

Waɗanda jiran ya fi ci su ne matasa masu ciwon gado da likitoci ke kira cystic fibrosis, wanda ya fi yawa a tsakanin Turawa. Majinar jikinsu takan yi kauri da danƙo, ta cushe hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, huhu ya yi ta ruɓewa tun ana yara. A ƙarshe naman da ke ɗaga ƙirji ya gaji. Iskar kabon da ya kamata a fitar ta taru a jini. Da farko ciwon kai ne da safe, sai magagi, sai ruɗewa, sai suma. Oksijin kaɗai ba ya maganin wannan, wani lokaci ma ƙara dagula shi yake yi, domin matsalar ba ta shigar iska kaɗai ba ce, ƙirjin ne ya kasa aikin fitarwa.

Ka sa kanka a matsayin likitan, mai karatu. Ga yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai, sunanta na kan layi, yau ta fara ruɗewa. In ka zura mata bututu ta baki har maƙogwaro ka jona ta da babban inji, dole ka sa ta barci da allura. Ba ci, ba magana, ba tari. Majina ta kwanta, cuta ta bazu cikin jini, naman jiki ya narke a kwance. Likitocin wancan zamani sun ga yadda irin waɗannan ke ƙarewa a kan inji, shi ya sa cibiyoyi da yawa ba sa dasa wa wanda ya kai wannan matsayi. Wato injin da zai riƙe ta yau, shi zai cire ta daga layin gobe. In kuma ka bar ta, ba za ta kai mako ba. Me za ka yi?

A asibitin Brompton da ke Landan, Dokta Margaret Hodson ta fuskanci wannan tambaya ido da ido. A lokacin takunkumin hanci ya riga ya yi gaba da inda Sullivan ya fara. Likitoci a Faransa, da tawagar Sullivan ɗin kanta a 1987, sun jona shi da injin da ba riƙe maƙoshi kawai yake yi ba. In mutum ya fara jan numfashi sai ya tura masa iska da ƙarfi, in zai fitar sai ya sassauta, ya ɗauke wa gajiyayyen ƙirji rabin aiki. An fara da masu shanyewar naman jiki. Hodson da abokan aikinta suka ce bari su ɗaura wa waɗanda huhunsu ne ya ƙare.

A 1991 suka buga labarin mutum shida. Dukansu suna jiran dashe, dukansu sun rikice kafin a samu gaɓoɓin da za a sa musu. Huɗu daga cikinsu abin ya yi musu kyau ƙwarai, suka isa ɗakin tiyata a natse, suka kuma farfaɗo lafiya bayan aiki. Akwai wanda ya rasu da takunkumin a fuskarsa, domin wayar da ake jira ba ta zo ba. Likitocin ba su yi alfaharin sun warkar da kowa ba. Abin da suka ce shi ne na'urar gada ce, tana ƙara wa mutum kwanaki ko makonni har a samu huhu. Ni a ganina wannan ƙanƙan da kai shi ya fi komai daraja a rahoton, domin a aikin asibiti kwana uku da aka ƙara wa mai jira na iya zama shekara ashirin.

Ba daɗi gare ta ba, kada wani ya ruɗe ka. Takunkumin na cin karan hanci har ya yi gyambo. Baki na bushewa, ciki na kumbura da iska, wasu kuma da an ɗaura musu sai su ji kamar an shaƙe su, su fizge. Sai ma'aikaciyar jinya ta zauna a gefen gado tana riƙe da shi da hannu, tana lallashi, har mutum ya koyi bin injin ya daina faɗa da shi. Amma dubi abin da ya rage masa. Idonsa biyu. Yana cire shi ya ci abinci, ya yi tari ya fitar da majina, ya ɗan taka ƙafa, ya gana da iyayensa, ya yi addu'a da bakinsa. In tafiyar ce ta zo, yana da damar yin sallama. Wanda ke kwance da bututu a maƙogwaro ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Saura abin da ya fi ba ni mamaki. Likitan tiyatar da ke karɓar waɗannan matasa a lokacin a asibitin Harefield shi ne Farfesa Magdi Yakub, haifaffen Masar, wanda yana cikin tawagar da ta yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. A wancan zamani an fi gane wa dasa huhu biyu da zuciya a haɗe, domin ɗinkin ya fi kamawa. To amma zuciyar mai wannan ciwo galibi lafiyarta ƙalau. Ya za a yi da ita, a binne? Yakub ya ce a'a. Sai a ciro ta a sa wa wani da ke nasa layin yana jiran zuciya. Ka ga yaron da ya yi makonni a bayan takunkumi yana roƙon a ba shi, ya shiga tiyata mai karɓa, ya fito mai bayarwa. Yana raye, yana tafiya da ƙafarsa, zuciyar da aka haife shi da ita tana bugawa a ƙirjin wani. Da an kawo maka takardar nan ka sa hannu, hannunka zai yi rawa ko ba zai yi ba?

Yau abubuwa sun canza. An koma dasa huhu biyu ba tare da zuciya ba, an samu injin da ke sa wa jini oksijin a wajen jiki, sababbin magunguna kuma tun daga 2019 sun rage masu wancan ciwon gado da ke buƙatar dashe. Takunkumin dai na nan, ya zama kayan aikin yau da kullum ga masu tsohon ciwon huhu. Ba kowa yake yi wa ba. Wanda huhunsa ya ƙandare da tabo ba ya samun abin da mai tarin iskar kabon ke samu.

Mu dawo gida. Mutumin Girei da numfashi ya ƙwace masa cikin dare, sai a sa shi a mota a ƙetare gadar Jimeta, a nufi asibitin ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Wancan ciwon gado ba shi ne namu ba. Namu su ne tabon da tarin fuka ke bari, da hayaƙin itacen da iyayenmu mata suka shekara arba'in suna shaƙa a madafa, da asma, da ƙurar hunturu, da ciwon haƙarƙari da ke kwashe yara. Hannun likitocinmu ba shi ne ya gaza ba. A Yolan nan an raba tagwayen da aka haifa a manne, ba sau ɗaya ba. Kuma dabarar hura iska ta hanci ba ta fi ƙarfinmu ba. A Bangaladash, Dokta Mohammod Chisti ya haɗa ta wa yara da robar sabulun wanke gashi da ruwa da tiyon oksijin, gwajin da aka buga a 2015 ya nuna mace-macen masu matsanancin ciwon haƙarƙari sun sauko daga kashi 15 zuwa kashi 4 cikin ɗari. A nan Najeriya, Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta ƙasa ta 2023, dala dubu ɗari, saboda na'urorin numfashi na jarirai da bakwaini, har da mai aiki da hasken rana. Ya san ƙasarsa. Na'urar da ke tsayawa in an ɗauke wuta, ba za ka damƙa mata ran ɗanka ba. Duk asibitin da zai sayi takunkumi bai tanadi batir da sola da oksijin da ma'aikaciyar da za ta kwana a gefen gado ba, bai sayi komai ba.

Sai dai ga babban mutum a ƙasarmu, gadar ba ta da inda za ta dire. Ba za ka samu dashen huhu a Yola ko Maiduguri ko Kano ba. Ana dashen ƙoda, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara tun 2002, amma ƙoda biyu ce, ɗan'uwa na iya ba da ɗaya ya koma gona. Huhu kuwa, in ban da wurare ƙalilan irin Japan inda mutum biyu ke ba da yanki-yanki, daga mamaci yake fitowa. Malamai sun riga sun zauna a kan maganar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci don ceton mai rai, da sharaɗin shi ya ba da izini kafin rasuwarsa ko magadansa su bayar, kuma ba saye ba sayarwa. Fatawar ta shekara fiye da talatin, amma a zaurukanmu har yau ba a buɗe zancen ba, mu da muke gaggauta kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi.

Ranar da za a fara wannan aiki a ƙasar nan, ba daga likita zai fara ba, daga wani uba ne. A ce, Allah ya kiyaye, haɗari ya rutsa da ɗanka a hanyar Mubi. Likita ya fito ya ja ka gefe, ya ce ƙwaƙwalwa ta riga ta tafi, inji ne kawai ke ɗaga ƙirjin. 'Yan'uwa sun fara maganar likkafani da wanda zai je ya haƙa kabari. Sai likitan ya ƙara da cewa huhun yaron lafiyarsa lau, kuma a ɗakin sama akwai 'yar wani da ta yi mako uku da takunkumi a fuska, ba za ta ƙara wani makon ba. Ba ka san ta ba, ba ka san garinsu ba, awa biyu aka ba ka. Mai karatu, me za ka ce masa?